Haƙoran da Ban Ƙirga Ba

A shekarar da Turawa suka tattara komatsansu, soja suka yi gwanjon tsofaffin motoci a Tamale. Wani Alhaji na unguwar Nyohini, mai fataucin doya, ya sayi akori-kura guda mai jan ƙafa huɗu, ya kawo mini ita. Garejina na unguwar Lamashegu yana tashe a lokacin, ni kuma kaina ya fi garejin girma. Na koyi kanikanci a hannun Bature, saboda haka gani nake babu ƙarfen da zai gagare ni.

Alhaji yana son motar ta riƙa ɗaukar ninkin abin da aka ƙera ta dominsa. Na ce wannan ai wasa ne. Na cire aksul ɗin baya, wato gindin da ke riƙe da tayoyin baya da giyarsu, na sa na wata babbar mota da ta mutu a bayan garejina. Da igiya na auna faɗinsa, ramukan noti suka zo daidai, na ƙara mata sifirin, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin kaya. Mota ta tsaya ƙyam, masu wucewa suna tsayawa kallo, ni ina goge hannu a hankali don kowa ya san aikin wane ne.

Direban motar wani tsohon soja ne, mutumin Dagomba, kowa Kofur yake ce masa. Ya yi tuƙi a fagen yaƙi ya dawo da ransa, kuma da wannan sitiyari yake ciyar da gidansa. Ba shi da yawan magana, yana wanke motar kamar jaririya.

Da damina ta sauka hanyoyin ƙauye suka lalace, nan taɓo can tsandauri, dole Kofur ya riƙa sa ta ƙafa huɗu. Ba a yi sati biyu ba aka jawo mini ita. Kwanson ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya ya tsage, mai ya tsiyaye. Na ce tsufa ne, na sa aka yi walda. Ya sake tsagewa, na zagi mai walda tas. Na nemo wani kwanso lafiyayye na ɗaura, shi ma ya fashe a daidai wurin da na farko ya fashe.

Ranar nan Kofur ya tsuguna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya don kada wani ya ji.

"Masta, motan nan shina faɗa da kanshi. Tun da ka canja baya, in na sa fo-wil, ƙafa huɗu ɗin nan, gaba shina ja, baya shina ƙi."

Raina ya ɓaci. Direba ne zai koya mini aikina? Da Alhaji ya zo da yamma yana tambayar abin da ke cin motarsa, na ce ƙafar Kofur ce ta yi nauyi, tuƙin soja yake yi, har yanzu gani yake ana binsa da bindiga. 'Yan zaman gareji suka kwashe da dariya. A nan gaban mutane Alhaji ya miƙa hannu, Kofur ya sa masa makulli a ciki, ya ɗauki butarsa daga cikin mota ya tafi.

Aka ba surukin Alhaji motar, mutumin da keke ke wuce shi a hanya. Kwana tara sabon kwanson da na ɗaura shi ma ya tsage.

Yanzu babu sauran wanda zan ɗora wa. Na jira ranar Juma'a da gareji ya watse, na ɗaura wani kwanson, na ɗaga gefe guda na motar da jak, na sa ta ƙafa huɗu. Na ja layi da alli a ƙasan tayar gaba da ta baya, na shiga ƙarƙashi ina juya farfela, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi, da hannu. Da na fito, layin gaba ya zagayo ya koma ƙasa, na baya bai iso ba. Na goge na sake, haka dai. Na buɗe aksul ɗin biyu na ƙirga haƙoran giyarsu. Ba ɗaya suke ba. A taɓo taya takan sulɓe ta huce, amma a busasshiyar ƙasa gaba na sauri baya na jinkiri, kwanson da ke tsakiya shi ke shan wahalar har ya fashe. Aikin da bai fi shan shayi ba, shi ne ban yi ba tun farko. Na zauna a ƙasa, kunya ta hana ni ko tashi.

Abin da na yi bayan nan ya fi wancan muni. Na nemo giya mai haƙora daidai da na gaba na sa a ɓoye, na ce wa Alhaji kwanso mai ƙwari na samo. Mota ta yi damina ta yi rani kwanso bai ƙara tsagewa ba. Alhaji ya bi zango, unguwar Hausawa, yana yabona, ni ina sunkuyar da kai, mutane suna cewa kawaici ne.

Bayan girbi ya sake zagayowa Kofur ya zo gareji. Ya rame, kafaɗar rigarsa ta cinye, ashe dakon doya yake yi a kasuwa. Na ɗauka ya gano. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini barka da gyaran da ya ji na yi. Sai ya ce ya yi ta tunani a kan maganata.

"Gaskiya ka faɗi, Masta. Ƙafana shina da nauyi, ni ban sani ba. Ka roƙa mini Alhaji. Wallahi yanzu zan taka shi sannu sannu."

Bakina ya buɗe, gaskiyar tana nan a kan harshena. Akwai mutum uku zaune a kan benci suna jinmu. Na ce masa to, zan duba. Ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya.