Mai Shayin Ɗakinmu a Sanaiya

Shekarar korona aka rufe Sanaiya, unguwar ma'aikata a Ƙasar Larabawa, da mu a ciki. Ni mai gadi ne a wani kamfani, amma aiki ya tsaya, sai kwanciya da kallon silin. A ɗakinmu akwai wani dattijo direba mutumin Gusau da muke ce wa Baba, da wani Kirista ɗan Jos mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shi ɗan Jos ɗin ne ya koya mana wani wasa da ya gani wajen abokan aikinsa 'yan Filifin. Yana ba da labari kamar tatsuniya, kowa ya zaɓi wanda zai zama a ciki. In ka yi niyyar yin wani abu sai ka jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ka dace.

Ni jarumi mai takobi na zaɓa. Baba da farko ya ƙi, ya ce ba ruwansa da sihiri. Da zama ya ishe shi, wata rana ya matso bakin katifa.

"In dai tatsuniya ce, to ni mai shayi ne," in ji shi. "Ba na faɗa da kowa."

Na ce, "Baba, dodanni fa za mu tarar a hanya."

"Ku je ku dawo, ina bakin kasuwa."

Ɗan Jos ya yi dariya, ya ba shi baiwa: butarsa ba ta hucewa, kuma duk wanda ya sha shayinsa gajiya za ta sake shi. Daga baya Baba ya roƙi ƙari, ya riƙa korar wa mutanen garin sauro, yana gano wa tsofaffi akuyarsu da ta ɓata. Sannu a hankali na ajiye takobina, na koma zaman bencinsa.

Ana nan aka bugo masa waya daga gida, matarsa ba lafiya, zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Jirgi ba ya tashi. Ya kira kafil ɗinsa, wato ubangidansa da ya kawo shi ƙasar, shi kuwa ya ce masa ya yi haƙuri kawai. Kullum sai ya fita baranda ya kara waya a kunne, yana sauraren numfashinta.

Wata la'asar muna cikin wasa ya ce, "Akwai wata mata a bayan kasuwa, zazzaɓi ya kwantar da ita. Zan kai mata shayi."

Ɗan Jos ya dube ni, sannan ya ce, "Baba, wannan ba sai ka jefa ba."

"A'a, kowa jefawa yake yi."

Ya jefa, ɗaya ta fito, mafi ƙanƙanta.

"Ta sha, ta samu barci," in ji ɗan Jos da sauri.

"Kar ka yi min ƙarya, ɗana," Baba ya ce. Ya tashi ya tafi alwala.

A makon nan ta rasu. Ta waya ya ji an kai ta. Mu biyu muka taya shi zaman makoki, ban san abin da zan ce ba bayan Allah ya jiƙanta. Ba mu sake yin wasan ba.

Kafin gasar cin kofin duniya kwantiraginsa ya ƙare, ya koma gida. Ni aka ajiye ni bakin tashar jirgin ƙasa, ina ta "yalla, yalla" ina nuna wa baƙi hanya. A cikin cunkoson nan na hango ɗan Jos, ya koma wata unguwa, Aziziya, da aiki. Ya tambaye ni Baba. Na ce lambarsa ta daina shiga. Shi ma haka. Babu wanda ya san ko unguwarsu a Gusau. Muna tsaye shugabana ya daka min tsawa, na koma wurina.