Amyoyin Kakana da Ruwan Kamfani

Makon jiya ƙaramar 'yata ta kwana biyu tana tari, sai na tsayar da wani mai tallar zuma a bakin titin Panshekara na sayi kwalba ɗaya. Da na zo gida na ɗanɗana, ashe sukari ne aka ƙona aka sirka da ruwa. Na daɗe a zaune da cokali a hannu, raina yana tafasa. Wai ni da na tashi a gidan da ake aika wa maƙwabta zuma kyauta a kwano, yau ni ake sayar wa ƙonannen sukari, a wurin da bai fi tafiyar rabin awa a ƙasa ba daga inda amyoyin zumar kakana suke a da.

Ƙauyenmu yana gefen Challawa, tsakanin katangun kamfanoni da kogi. Mun riga kamfanonin zuwa, ka riƙe wannan, mai karatu. A bayan gidanmu akwai ɗorowa uku da tsamiya ɗaya, a kansu kakana yake rataye amyoyinsa. Da hannunsa yake saƙa su da ciyawa, ya shafe su da kashin shanu, ya turara cikinsu da wasu ganyaye da bai taɓa gaya wa kowa sunansu ba. Ba sana'arsa ba ce, shi manomi ne. So ne kawai. Idan ɗorowa ta yi fure, tun daga zaure kake jin kukan zuma kamar injin niƙa a nesa. Sai ya shimfiɗa buzu a gindin bishiya ya zauna da carbinsa, suna sauka a kan rawaninsa, ba ya ko kore su.

Kakata kuwa kaji ne nata. Akurkinta na laka yana jikin rumbu. Tana da kasko guda da take zuba musu ruwa, kullum da ɓawon maɗaci a ciki saboda ciwo. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara, kuma shi ya sa da na kai shekara tara ta ware mini sagarar kaza guda, wake-wake, mai gajerun ƙafafu. Ta ce, "Takwara, ga taki. In ta mutu da yunwa, ke za a tambaya."

Ban taɓa mallakar komai ba kafin ita. Ina tashi da safe sai na tafi tonon gara a tsohuwar tukunya, in kawo mata. Da ta fara ƙwai a bayan randa, ni na hana a taɓa ko ɗaya. Ta yi kwanci mako uku, ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya. Na yi ta faɗa da shirwa a kansu har muryata ta dashe.

Mahaifina yana aiki a wani kamfanin jimar fata da katangarsa ta yi iyaka da gonarmu. Idan ya dawo, mahaifiyata takan ajiye masa bokiti a bayan ɗaki, ya yi wanka sau biyu, amma warin ba ya barinsa. Ba mu damu ba, da wannan warin muke cin abinci.

A bazarar shekarar nan aka wayi gari mun ga an huda katangar ta ƙasa, an haƙa kwata ta bi ta burtalinmu ta nufi kogi. Babu wanda ya yi sallama, balle a tambaye mu. Ruwan da yake fitowa wani lokaci baƙi ne wuluk, wani lokaci shuɗi-shuɗi da kumfa, yana ɗauke da guntayen nama da gashi. Warinsa yana shiga tuwo, yana shiga tufafin da aka shanya.

Kakana ne ya fara ganin abin da zai biyo baya. Ya ce zuma tana son ruwa mai ɗan gishiri, kuma ruwan jima cike yake da gishiri. Ya jera kasake a gindin ɗorowa, ya cika su da ruwan rijiya, ya sa 'yan tsinke don su samu wurin sauka. Suka ƙi. Sai ka gan su sun yi layi a bakin kwatar nan suna sha. Cikin kwana kaɗan ƙasan bishiyoyin ya yi baƙi da gawarsu. Wasu ba su mutu ba tukuna, suna ta juyawa a ƙasa a wuri ɗaya, ba sa iya tashi. Kukan da muke ji daga zaure ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Kaji kuma ta yaya za ka hana su? Ga tsutsa, ga guntun nama a bakin ruwa. Kakata ta kulle su a akurki, amma ta makara. Zakaranta ne ya fara sunkuyar da kai, sai sauran suka bi. Ta jiƙa barkono, ta ƙara maɗaci, ta ɗura musu da hannunta. Tawa ta fi kowacce daɗewa. 'Yan tsakin suka riƙa mutuwa biyu-biyu a ƙarƙashin fiffikenta, ita kuma tana ta jan gawar da baki tana mayarwa ciki. Ranar da ta mutu na same ta a bayan randar nan da ta yi kwanci.

Washegari da hantsi kakana ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ya share matattun zuma ya cika ƙwarya, ya ce zai je ya ga masu kamfani. Na ɗauki kazata ta ƙafafu na ce sai na bi shi. Mahaifiyata ta daka mini tsawa, amma kakata ta ce, "Ƙyale ta. Dukiyarta ce."

Aka bar mu a bakin get ɗin kamfanin, a rana, har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Kakana, dattijon da yake limanci a masallacin unguwarmu idan liman ba ya nan, ko benci ba a ba shi ba. Can sai ga wani ma'aikacin ofis ya fito, sa'an mahaifina, da biro a aljihu. Ya leƙa ƙwaryar, ya dubi kazar da ke hannuna, sai ya yi dariya. Har yau ina jin dariyar nan.

Ya ce, "Haba Baba, a kan ƙwari da kaza ɗaya? Ai ciwon kaji ne na kowace shekara."

Kakana ya ce, "Shekarata sittin ina ganin ciwon kaji. Ban taɓa ganin ya kama zuma ba."

Sai ma'aikacin ya tambayi maigadi ko tsohon nan yana da wani a ciki. Aka je aka kira mahaifina. Ya fito da dogayen takalman roba, hannuwansa suna ɗigar da ruwan nan dai da ya kashe mana komai. A gabanmu aka ce masa ya kai tsohonsa gida, kuma ya tuna akwai mutane da yawa a waje da suke neman aikinsa.

Mahaifina ya durƙusa a gaban kakana, bai iya ɗaga ido ba. Ya ce, "Baba, don Allah ku yi haƙuri, ku zo mu tafi."

Kakana ya dube shi. Sannan ya kife ƙwaryar a daidai tsakiyar get ɗin, ya kaɗe ta, ya juya. Ni ma na ajiye kazata a kan tulin zumar. Maigadi ya sa ƙafa ya ture ta cikin kwata kafin mu yi taku goma. Na juya zan koma, kakana ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Mutanen gari sun je wurin dagaci, ya ce zai yi magana. Da Sallah ta zo muka ga an sauke buhunan shinkafa a ƙofar gidansa, maganar ke nan. Kakana ya sauko da amyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, babu komai a ciki sai busasshiyar saƙa da tsutsa ta cinye. Ya jingine su a bayan rumbu, gara ta gama da su. Kakata ta sake gwada kiwo sau biyu a kulle, ta ce kazar da ba ta tono ba kaza ba ce, ta haƙura. Tun daga ranar get ɗin nan, mahaifina ya daina zama cin abinci da kakana a zaure. Babu wanda ya hana shi. Kunya ce, kuma ta bi shi har kakana ya rasu.

Na yi shekaru ina jin haushin mahaifina. Sai da na haifi nawa 'ya'yan na fahimci abin da aka yi masa: an sa shi ya zaɓa tsakanin ubansa da tukunyarmu, a tsaye, a gaban 'yarsa. Ya ƙara shekara goma sha huɗu a wurin. Da fatar hannuwansa ta fara tsagewa ba ta warkewa, aka sallame shi aka ɗauki wani. Yanzu yana zaune a ɗaki, ko maɓallin rigarsa sai an ɓalla masa.

Kada wani ya ce mini ci gaba ne. Na san kamfanoni sun ciyar da gidaje, har da namu. Amma tace ruwan kafin a sake shi ba zai talauta mai kamfani ba, sun dai ga cewa mu ba mu kai a kashe mana wannan kuɗin ba.

Ina zuwa ƙauyen duk Juma'a don in gaida mahaifina. An sare ɗorowar, an yi shaguna a wurin. Kwatar kuwa tana nan. An dai rufe ta da faifan siminti, sai mutane suka ce an gyara. Yaran unguwa a kai suke zama da yamma suna cin awara, ƙafafunsu suna lilo. Idan ka tsaya ka kasa kunne, za ka ji ruwan yana gudu a ƙarƙashinsu.