Gudumar Kawu a Gidan Inna

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. A ranar Talata, tara ga watan Yuni, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. Ina makaranta ina duba jarrabawar ɗalibai babbar 'yarsa ta kira ni. Ba ta iya cewa komai ba sai, "Baba ya tafi." Na ajiye biro, na ɗauki mayafina na fito. A hanya ba mutuwar kaɗai ke cin raina ba, har da tunanin yadda zan tsaya gaban Inna in gaya mata.

Kawu, jama'a sun cika gidanka, kowa da abin da ya sani game da kai. Tsofaffin abokan aikinka na tashar mota sun ce duk tsawon shekarun da ka yi kana tuƙi ba ka taɓa sauke fasinja a hanya don kuɗinsa bai cika ba. Maƙwabtanka sun yi maganar sulhun da kake yi a tsakaninsu. Ni kuwa abin da zan faɗa a kanka maganar kwanon rufi ce da ƙusa da famfo, domin ta nan ka riƙe mu.

Gidanmu tsohon gida ne. Mahaifinmu ya gina shi ɗaki bayan ɗaki, yadda hali ya ba shi, shi ya sa babu ɗakuna biyu da ƙasansu ya zo daidai. Bayan rasuwarsa na dawo na zauna da Inna. A shekarun nan ne idanunta suka riƙa tafiya a hankali, har suka tafi gaba ɗaya. Amma a cikin gidan nan Inna ba ta neman mai ja mata hannu. Ta san inda dakali ya gutsure, ta san ƙofar da sai an ɗaga ta kafin ta buɗe, ta san 'yar matakalar da ke tsakanin falo da tsakar gida. Da asuba ita kaɗai take fita ta yi alwala ta koma, ba ta taɓa tashin kowa ba.

Sai dai gidan ya tsufa, kuma tsufansa a kaina yake ƙarewa. In an toshe yoyon ɗakin baya, sai bangon kicin ya tsage. In an ɗinke bangon, sai gara ta bayyana a katakon taga. Albashi ya shigo yau, gobe bututun banɗaki ya fashe, kamar yana jin labari. Na sha ba mai gyara kuɗin kaya ya tafi, in yi ta nemansa ruwa a jallo, wayarsa a kashe. Har ya zamana idan hadari ya haɗu wasu na murna, ni gabana ke faɗuwa, in kama jera bokitai da robobi a inda na san za a zuba. Ƙanena Dogo, wanda ke aiki a wani gari, shi ke turo mafi yawan abin gyaran. Ta kai idan na kira shi, ko gaisawa ba mu gama ba zai ce, "Yaya, me ya lalace kuma?" Ban taɓa ganin laifinsa ba, shi ma da nasa iyalin.

Shekarar da silin falo ya rufto, Dogo ya zo ya tsaya yana kallon ramin, ya ce ya gaji. A sayar da gidan, a sayi ƙarami sabo wanda ba ya neman komai, kowa ya huta. Ni ma na gaji, don haka ban ce a'a ba. Inna tana zaune a gefe tana jan carbinta, ba ta sa baki ba. Amma daga ranar ta rage cin abinci, kuma na riƙa ganinta tana shafa bangon ɗakinta ba tare da za ta ko'ina ba.

Ranar Asabar ka zo gaishe ta kamar yadda ka saba. Dogo ya kora maka bayani, ka saurara har ya gama, sannan ka nuna Inna ka ce, "Dogo, a gidan nan Yaya tana gani. Ranar da ka kai ta wancan, ranar ce za ta makance." Ka ɗaga kai ka dubi ramin silin, ka ce, "Ku bar min gidan damina ɗaya. In ya gagare ni, ni da kaina zan kawo muku dillali."

Dogo ya yi murmushi, ni ma na sunkuyar da kai. Duk mun san kai direba ne, ba magini ba, ba kafinta ba. Kuma Allah Ya sani, Kawu, ba zan yi maka ƙarya bayan ranka ba: hannunka bai taɓa zama na gwani ba. Kantar da ka kafa min a kicin har yau in na ɗora kwalba sai ta gangara gefen hagu. Famfon tsakar gida kuwa a juye ka ɗaura shi, wanda duk ya zo baƙo sai ya murɗa ya murɗa yana cewa babu ruwa. Da ka zo za ka gyara kuskuren, Inna ta ce, "Bar shi, hannuna ya riga ya saba." Ka yi dariya har da tari, ka mayar da filaya cikin jaka.

Jakar nan ta fata, mai zif ɗin da ya mutu, ita ce shagonka gaba ɗaya: guduma, filaya, zarto ƙarami, da gwangwanin madara cike da tsofaffin ƙusoshin da kake miƙarwa a kan dutse. Da ita ka riƙa zuwa kowace Asabar bayan ka bar tuƙi. Abu ɗaya kake gyarawa a zuwa ɗaya, ko gidan zai faɗi. Idan na fara jero maka matsaloli, sai ka ɗaga hannu ka ce, "Malama, a cikinsu wanne ne zai kashe gidan, wanne ne kunya kawai zai ba mu?" Ruwa da gara da wutar lantarki su ne masu kisa, su ake fara bi. Fenti da ya ɓare da tagar da ta karkace masu ba da kunya ne, su jira. Wannan rabon da ka koya min shi ya fara dawo min da barci. Na daina ganin gidan a matsayin bala'i guda, ya koma ayyuka da ake ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Ka kuma san iyakarka. Tun ranar da wuta ta ja ka a bayan fanka ba ka ƙara taɓa waya ba. Abin da ya fi ƙarfinka sai ka je ka ɗauko mai sana'ar, ka raka shi kasuwa a sayi kaya a gabanka, ka dawo ka ja kujera ka zauna kusa da shi kana ba shi labarin hanya. Ba ka yi masa faɗa, ba ka kuma tashi. Mai gyara bai taɓa samun damar cewa bari ya je ya dawo ba, domin kai ma sai ka miƙe ka ce mu je tare.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda kake gama aiki. Wata rana na dawo da wuri, na tarar da kai a tsakar gida, idanunka a rufe, hannu ɗaya a bango, kana takawa a hankali daga ƙofar Inna zuwa banɗaki. Na tsaya ina kallonka har ka buga ƙwaurinka da bulon da magini ya bari. Ka buɗe ido kana ɗingishi, ka ce, "Kin gani? Da Yaya ce fa." Ashe haka kake yi bayan kowane gyara. Sai ka bi wurin ido rufe, in ka wuce lafiya, ka je ka kamo hannun Inna ka ɗora a kan abin, ka ce, "Yaya, taɓa ki ji." In ta ce ya yi, aiki ya ƙare. In ta ce ba haka yake da ba, ka kwance ka sake. Shi ya sa ka hana a sa tayil a tsakar gida, ka hana a daidaita matakalar falo, ka kafa mata dogon katako a jikin bango daidai tsayin hannunta. Kuma ba ka taɓa ɗaga guduma ba sai ka fara ɗaga murya: "Yaya, zan buga!" Don kada ƙarar ta zo mata ba shiri.

Akwai lokacin da na ga ƙofar shigowa ta dame ni da ƙara, na zuba mata mai ta yi shiru. Kwana biyu Inna na firgita, sai dai ta ji mutum a kanta. Ashe da kukan ƙofar take sanin an shigo, har ta gane wane ne daga yadda ya tura. Da ka zo ka yi iya yinka ƙarar ta ƙi dawowa. Sai ka zazzage rabin ƙusoshinka a wani gwangwani, ka rataye shi a bayan ƙyauren. Yana nan har yau. Baƙi suna tambaya ko maganin ɓarayi ne.

Damina ɗayar da ka roƙa ta zama shekaru. Ba wai gidan ya daina cin kuɗi ba ne, yana ci, amma ya daina cin mu. Dogo ya koma kira yana tambayar lafiyarmu kafin lafiyar bango. Ba a dai taɓa cewa an fasa sayarwa ba. Maganar tana nan a ajiye, kowa ya san kai ne ka danne ta.

Asabar ɗinka ta ƙarshe a gidanmu ɗanka ne ya kawo ka a mota. Numfashi yana yi maka wuya, ko jakar ba ka iya ɗagawa. Ka zauna a kujera ka sa ni na canza robar famfo da hannuna, kana faɗa min inda zan riƙe. Filaya ta suɓuce ta datse min yatsa, ka ce, "Madalla, yanzu kin shiga sana'a." Da za ka tafi ka daɗe riƙe da hannun Inna.

Ranar Talatar nan da na iso gida, na tura ƙofa a hankali don kada gwangwanin ya yi ƙara, ina neman ɗan lokacin da zan shirya maganata. Daga ɗaki Inna ta ce, "Ke ba kya shigowa a hankali. Ya tafi ko?" Na durƙusa a gabanta. Ita ce ta dafa kaina tana ba ni haƙuri.

Dogo ya zo jana'iza, ya zauna har masu gaisuwa suka ragu. Duk kwanakin nan, bayan baƙin cikin rashinka, akwai wani tsoro a ƙirjina. Mai danne maganar ya tafi. Ga damina ta kama, ɗakin baya ya soma ɗiga, katakon da Inna ke dafawa ya yi lakwas saboda jama'ar da suka riƙa jingina da shi. Ina ganin Dogo yana bin bango da kallo, ina jiran ya buɗe baki.

Da safiyar Asabar ya fita bai ce min komai ba. Da ya dawo, jakarka ce a hannunsa, ya je ya roƙo ta a wurin 'yarka. Ya tuɓe agogonsa, ya tsuguna a gaban katakon, ya zaɓi ƙusa. Ya ɗaga gudumar, sai ya tsaya, ya juya wajen ɗakin Inna, ya ce, "Inna, zan buga!"

Daga ɗaki ta ce, "Buga, Allah Ya yi maka albarka."

Da ya gama ya rufe idanunsa ya bi bangon har banɗaki, ya dawo ya kamo hannunta ya ɗora. Inna ta shafa katakon daga farko har ƙarshe, ta ce, "Ya ɗan yi sama. Na Kawunku a nan yake," ta nuna masa da yatsa. Dogo bai yi musu ba, ya zare ƙusoshin ya sake. Da yamma da zai tafi ya rataye jakar a bayan ƙofar kicin, ya ce min, "Yaya, kwanon ɗakin baya sai Asabar ta sama. Ki sa bokiti kafin in zo."

Kawu, ka ce damina ɗaya, ka ba mu sauran rayuwarka. Inna tana nan a gidanta, yau ma ita kaɗai ta fita alwalar asuba. Na gode, Kawu. Ban faɗa maka yadda ya kamata ba kana raye, domin duk lokacin da na fara sai ka ce in miƙo maka filaya.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya hana ruwa zuba a kan 'yar'uwarsa, Ka lulluɓe shi da rahamarKa. Yadda ya share mata hanya don kada ta yi tuntuɓe, Ka sauƙaƙa masa tasa hanyar, Ka ba shi gida a Aljanna wanda ba ya tsufa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta haƙura da rashinsa kowace Asabar ba ta taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yansa da jikokinsa, da abokan aikinsa na tasha. Ina kuma yi wa Inna ta'aziyyar ƙaninta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya albarkaci abin da ya bari, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.