Ranar da Hancin Tirela Ya Yi Sauƙi

Ni mai faci ne a mararrabar Kasseh, kuma duk abin da ya gifta gabana sai na ƙirga shi. Tayoyin Kabutey shida ne: huɗu na 'yar motarsa, biyu na tirelar da yake jan ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, na 'yan shaƙatawa, tsakanin Ada da Tema. Tun kansa ba furfura nake ba tayoyin nan iska.

Bai taɓa kayar da jirgi ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kafin ya maƙala tirela a mota, sai ya ɗaga hancinta, wato ƙarfen gaba da ake maƙalawa, da hannu. In ya ji nauyi, kaya ya zauna daidai. In ya ji sauƙi, nauyi ya koma baya, tirela za ta yi ta kaɗa gindi har ta wurgar da ƙaramar mota. Shi ya koya mini haka.

Sai ciwon baya ya kama shi. Hancin da yake ɗagawa yana fito, ya koma sai da nishi. Ofoe, ɗan ƙanwarsa, da ya sayi a-kori-kura yana harin aikin, ya samu abin yi.

"Kawu, in kawo maka tabarma? Kada tirela ta ɗaga ka!"

Mai kula da jiragen ya ce jigilar Asabar ce gwaji. In Kabutey ya gaza, aiki ya zama na Ofoe.

Maku, matar Kabutey, gishiri take sayarwa. Mutumin Ada kuwa ba ya iya kallon abu zai tafi Tema ciki fayau. Tun Juma'a jirgi na kan tirela a bakin ruwa. Kafin mijinta ya iso, ta sa aka cusa gishiri buhu biyar a can gindin jirgin ta baya, aka mayar da tamfol aka rufe.

Kabutey ya sunkuya a gaban jama'a, ya kama hancin. Ya taso kamar ludayi. Ya ajiye, ya sake ɗagawa da hannu ɗaya.

"Ofoe, ina tabarmar? Kai wa ubanka!"

"Kai, Kawu, ashe da sauranka!" in ji Ofoe yana tafi. Uku daga buhunan nan a kafaɗarsa suka zo.

Ranar Kabutey bai tsaya wurina ba. Ya danna hon, ya fito da damtse ta taga yana nuna mini. A idona wata tifa ta wuce shi da gudu. Tirela ta kaɗa hagu, ta kaɗa dama, sai ga mota a kwalbati ƙafafu sama, jirgi ya tsage, titi ya yi fari fat.

Mata goma sha ɗaya na ƙirga da robobi suna kwasar gishiri. Ni da wani muka jawo Kabutey daga motar. Da Maku ta iso, ta tsallake ƙafafunsa ta leƙa cikin jirgin.

"Buhu ɗaya kacal ya rage? Kai da ka ce ka iya tuƙi!"

Yanzu a rumfata yake wuni, yana miƙo mini sifana daga zaune. Yara na kiransa Hannu Ɗaya. Duk Asabar Ofoe na wucewa, jirgi a baya, gishirin Maku a cikin a-kori-kura. Makon da aka sallamo Kabutey daga asibiti, Ofoe ya tsaya, ya sauko da wani abu a naɗe.

"Kawu, ga alkawari."

Tabarma ce. A kanta Kabutey yake zaune.