Akwatin da Ya Iske Rijiya Ta Ƙafe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Mushe Haruna (Mushe muke kiran malamin boko), malamin lissafi a Mayahi, kuma har yau in na ji zancen zaɓe sai raina ya ɓaci.

Mu 'yan wata tunga ne a arewacin Isawan. Kakanninmu daga wajen garin Sarkin Hausa suka taso neman gona, amma harajinsu bai taso tare da su ba. Maigarin asali ake kai wa, can sunayenmu suke, don haka can akwatin ƙuri'armu yake. Ranar zaɓe sai mai amalanke da lafiyayyen jaki ke zuwa. Innarmu, da ciwon gwiwarta, ba ta taɓa tsoma yatsa a tawada ba, alhali ta fi kowa sauraron rediyo, ta fi kowa caccakar 'yan takara.

Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa, ya zuba mata rijiyoyin yankin kaf, da tungayen da ke sha a kowace, da nisan hanyar amalanke cikin rairayi. Tambaya ɗaya ya yi mata: ina za a aje akwatuna yadda tsohuwa za ta je ta dawo kafin azahar? Lissafi ya ce a bi rijiya, a daina bin haraji. Rijiyarmu na cikin waɗanda ya nuna.

Ya kai wa masu shirya zaɓe taswirar, suka ba shi kujera, suka yaba. Ya ja musu kunne: "Wanga lissafi na bana ne. Mutane tashi suke yi. Kowane zaɓe a sake shi." Masu gari kuwa suka tada jijiyar wuya, don duk wanda aka ɗebe wa talakawa gani yake an rage masa rawani. Ana cikin ja-in-ja soja suka karɓi mulki, zance ya kwanta.

Inna takan tsokane shi: "Haruna, mi injin naka ya ce? Yaushe zan zaɓa?"

"Saura kaɗan, Inna."

Bayan ya rasu wani ya kakkaɓe taswirar, ya yi aiki da ita yadda take. Aka kai akwati bakin rijiyarmu, aka mai da sunayenmu can, har da na Inna. Sai dai fari ya riga su zuwa. Rijiyar ta ƙafe, tunga ta watse, Inna tana wurina a Tasawa. Malaman zaɓe suka wuni ƙarƙashin gawo suna korar ƙuda, suka koma suna cewa lissafin Mushe bai yi ba. Wannan maganar ce ba ta barina barci. Ya faɗa musu da bakinsa, ba su ji ba, kuma shi aka ɗora wa laifin yana kabari.

Da yana raye, me zai ce yau da soja suka sake dawowa, babu akwati ko a rijiya ko a gidan maigari? Na san halinsa. Zai kunna kwamfuta ya fara bin inda mutanenmu suka koma, ni kuma in yi ta masifa.

Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, taswirar ta tsufa. Abin da ya rage na Yaya tambayarsa ce, da tsohuwar da ya yi ta dominta. Inna ba ta gani sosai yanzu, amma rediyo na manne da kunnenta. Jiya ta kira ni: "Rabi, har yanzu injin Haruna bai ce komi ba?"

Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, sai na ji na ce, "Saura kaɗan, Inna."