Shuɗi a Gindin Bangon Inna

Shekarar da aka tashe mu daga tsohuwar Maradun saboda ruwan dam, kowa ya tare a sabon ɗakinsa ban da mahaifiyarmu. Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar kara, ta bar kayanta a ɗaure. Sau ɗaya ta leƙa ɗakin da aka gina mata, ta ce ita ba gero ba ce da za a zuba ta a rumbu. Daga nan ta aika wa ƙanenta da ke Bakura, da an gama girbi ya zo ya ɗauke ta. Mun san halinta, in ta tafi ta tafi ke nan.

Ni da yayata muka ɗaura ɗamarar gyara ɗakin. Ba mu cika shiri ba, ita sanyi kamar randa, ni kuwa ba a gama magana na tashi. Amma a kan makuba bakinmu ya zo ɗaya, don tsohon ɗakin Inna da ita aka shafe shi. Muka jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi jajir, muka gayyato matan unguwa aka yi daɓe da waƙa da guɗa, muka bi bango shafi bisa shafi. Da ya bushe sai ya fito ja mai duhu, mai ɗumi, irin jan akuya mai ƙoshi. Na yi ta shiga ina fita don daɗi. Inna tana rumfa ta ba mu baya, wai tana tsince wake.

Sai rigima ta tashi a kan abin da za a haɗa da jan nan. Yayata ta ce farar ƙasa kawai, yadda muka taso muka gani. Na ce sabon gari ne, ba za mu zauna da idon jiya ba. Na ɓanɓaro ɗan guntun yaɓe daga bayan ƙofa, na ƙulle a bakin zani, ranar Talata muka hau mota sai Mafara.

Kasuwar lokacin ba a magana. Tifa na wucewa tana girgiza ƙasa, leburori sun karɓi albashi suna sayen rediyo da agogo, rumfunan atamfa cike da kalolin da ban taɓa gani ba. Ina zuwa rumfa sai in kwance guntuna in ɗora a kan yadi, in ja baya in karkata kai. Wani mai atamfa ya tambaye ni ko magani ne. A kan jan yadi guntun ya nutse kamar ba a sa ba. Baƙi ya mayar da shi ɗakin makoki. Kore ya yi kyau, sai dai ya cika surutu. Da muka ɗora shi a kan wani yadi ruwan ɗorawa, ni da yayata muka dubi juna muka fashe da dariya, mun san mun sami labule.

Har mun kama hanyar tasha guntun ya faɗo mini a gaban mai sayar da bula, wannan da ake sa wa farin kaya. Na tsaya cak. Jan ya farka kusa da shuɗin, har wani haske ya yi. Yayata ta ce ba ta taɓa ganin an yi ba. Na ce yau za ta gani.

Washegari muka dama bula da farar ƙasa da ɗan ƙaro don ta kama. Na zagaye gindin bango da shi, tsawon gwiwa, na yi wa samansa lanƙwasa-lanƙwasa don ado. Wallahi ya yi kyau, har yau ban janye ba. Muka rataya labule, muka je muka durƙusa muka roƙi Inna ta zo ta gani.

Ta zo tana jan ƙafa. Ta shafa bango da tafin hannu, ta shinshina hannun, na ga fuskarta ta saki. Har na fara murmushi. Sai idonta ya sauka ƙasa, ta bi shuɗin da kallo tun daga ƙofa har ya zagayo.

“Ashe ruwan ga har nan yab biyo ni,” in ji ta.

Ni ado na gani, ita kuwa ranar da ta waiwaya ta hango ruwa a gindin katangarta ta gani. Na buɗe baki in ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

“Ke, kawo min hwarar ƙasa da tsumma.”

Ta gyara ɗaurin zani ta durƙusa. Ta bi shuɗin nan tana rufewa da fari, ta hana mu sa hannu, tana yi tana faɗa: mun dama da ruwa-ruwa, makubar ba ta ji jiƙo ba, wa ya koya mana aiki. Da ta gama ta tsoma yatsu uku ta ja zane a saman farin, irin wanda uwarta ke yi. Farin ya zauna da jan lafiya lau. Yayata ta zungure ni da gwiwar hannu, na yi kamar ban ji ba.

La'asar ta yi Inna ta miƙe tana dafa ƙugu. Ta ja labulen ta duba, ta ce wannan kam mun yi hankali. Sannan ta dubi rumfar da ta shafe watanni tana kwana.

“Mi kuka jira? Ku kwanto kayan can ku shigo da su. Amma kar wadda tat taɓa min jere, ni ka yin abina.”

Muka fita da gudu muna tuntuɓe da juna, ina kwance ƙullin farko ina kuka.