Baban Liatu Mai Tauna Ruwa

Ke Ni'ima, kin taɓa ganin mutum yana tauna ruwa? To ni na gani. Elisha sunansa, amma Baban Liatu muke ce masa, mutumin Bogoro ne, haƙar rijiya ce sana'arsa. Shi ya haƙa wannan da kike zaune a kan murfinta, tun babanki Kabiru yana rarrafe.

In ya cimma ruwa ba ya barin kowa ya taɓa sai shi. Zai kurɓa, ya lumshe ido, ya yi ta motsa baki kamar mai cin goro, sannan ya ce wannan na sha ne, ko wannan sai wanki. Na taɓa tambayarsa me yake nema a ciki, ya yi dariya ya ce gishiri, kanwa, tsatsa, kowanne da inda yake taɓa harshe. Tamu kuwa ya ce duk Bauchi bai haƙa mai daɗinta ba, don daga cikin dutse take fitowa. Ga famfo a layinsu, amma nan yake zuwa da jarka a keke. In na tsokane shi da kuɗin ruwa sai ya ce in fara biyansa ladan ɗanɗano.

Bayan Kabiru ya zama saurayi sai wasu 'yan kwangila suka zo fasa dutsen bayan unguwa, wai za su huda hanyar ruwa ta cikinsa. In suka tayar da nakiya har kwanukana na rawa. Garin dutsen suka tara tsibi-tsibi, damina ta yi ta dukansa. Ruwanmu bai canza ba, garau, ga sanyi.

Bayan 'yan shekaru tafin hannun Baban Liatu ya yi kanta da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Muka ce wahalar haƙa ce. Da nawa tafin ya fara, ai ni ba na haƙa, sai 'yarsa Liatu, da ke aikin asibiti, ta ɗebi ruwan a kwalba ta kai awo. Ta dawo ta ce guba ce, asanik ko me, wai tana kwance cikin dutsen tun fil azal, fasawar ce ta sake ta. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, tafasawa ma ba ta kashe ta. Dole a rufe rijiyar.

Ban ga ya yi fushi ba, tambaya ya yi ta yi mata. Ta yaya abu zai shiga ruwa harshe bai sani ba? Kabiru ya so kiran magini, Baban Liatu ya ce a'a, wanda ya buɗe shi zai rufe. Ya kwaɓa siminti da hannun nan nasa. Kafin ya ɗora murfin ya ja guga ɗaya, ya kurɓa, ya daɗe yana taunawa, Liatu na yi masa faɗa, sannan ya tofar.

Washegari zai koma Bogoro, ya leƙo sallama, ya tsaya yana kallon murfin.

“Maman Kabiru, ni fa ban yarda ba shi da ɗanɗano ba. Yana da shi. Harshena ne bai kai can ba.”